JIRGIN ƘASA A CIKIN ZAURE

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 1979 ya gabatar a babban taron shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 



Sa'ad da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa ana so in yi magana a kan yadda nake tafiyar da rayuwa bayan ritaya, sai na gane akwai lauje cikin naɗi. Na san labari ya riga ya zaga cewa Ɗan Reluwe, watau ni, ya koma Kanya Babba ya shige zaure yana wasa da jirgin yara. Wani daga cikin 'yan ajinmu har waya ya bugo wa uwargida yana tambaya ko lafiya. To, lafiya lau, alhamdu lillahi. Zauren yana nan, jirgin ma yana nan, kuma tun da an ba ni dama zan faɗa muku abin da nake yi da dalilin yin sa, sa'an nan in roƙe ku wani abu. Wanda ya zo da shirin dariya ya yi abinsa tun yanzu, domin idan na kai ga roƙon, hannu ne zai shiga aljihu.

Yadda Na Fara Ganin Jirgi

Kamar yadda kowa ya sani, wannan yanki namu na Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa bai sami hanyar dogo ba a zamanin Turawa. Dogo ya iso Kano daga Baro a 1911. Aka miƙa reshe daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda a 1929, aka kuma miƙa wani daga Kano ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa har ya tuƙe a Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230. Mu kuwa aka bar mu a tsakiya. Gyaɗar iyayenmu ita ce take tafiya neman dogo, da farko a kan jaki da raƙumi, daga baya a mota.

A kakar 1970, ina ɗan shekara tara, mahaifiyata ta tafi da ni ganin ƙanenta, wanda yake aikin juya wa jirgi hanya a wata 'yar tasha a kan layin Nguru. Kwana goma sha biyu muka yi. A nan na fara ganin baƙin kan jirgi yana huci yana zubar da garwashi, na ga leburori suna gudu da buhu a ka suna hawa katako zuwa cikin tarago. Na kuma ga shugaban tasha ya miƙa wa direba wani ƙarfe mai kamar sanda. Kawu ya ce mini, in babu wannan sanda a hannun direba, ko Gwamna ne a cikin jirgin ba zai motsa ba, domin hanyar ɗaya ce tal, sandar ita ce shaidar cewa babu wani jirgi a gaba.

Da na dawo gida, sauran yara suna yin motar kara, ni kuwa sai jirgi: kai na gwangwanin madara, taragu na sillen kara, ina ja ina usur da baki. Da wannan hali na shigo wannan makaranta a 1974, kuma a nan aka laƙaba mini sunan da har yau ya ƙi barina.

Muna aji biyu, malaminmu na zane, wanda ga shi nan zaune a sahun gaba, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kama ni da wani tarago na kara a lokacin karatun dare. Na sadaƙar bulala ce. Sai ya ɗauka ya jujjuya, ya ce, "Taragon gaske ƙafa nawa ne tsawonsa?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To, ba tarago ka yi ba, kara ka ɓata." Kashegari ya zaunar da ni ya koya mini yadda ake rage babban abu ya koma ƙarami ba tare da an yi masa ƙarya ba: a auna na gaske, a zaɓi kashi ɗaya cikin kaza, a riƙe wannan kashi a kowace gaɓa. Malam, da wannan darasi na ci abinci shekara 35 ina koyar da zane da aikin katako. Allah ya saka da alheri.

Abin Da Na Gani A Wales

A 2014 ɗana na biyu ya kammala karatu a Birtaniya, ya matsa sai na je biki. Da aka gama ya ce, "Baba, ina kake so in kai ka?" Na ce duk inda jirgin kwal yake tafiya. Sai ya kai ni Wales, wani yanki na tsaunuka da tumaki da yawan ruwan sama da ke yamma da Ingila, wanda mutanensa suke da harshensu dabam.

Muka hau wani ɗan jirgi daga garin Welshpool zuwa Llanfair Caereinion, tafiyar kimanin mil takwas. Wanda ya huda mini tikiti tsohon malamin makaranta ne kamata. Wanda yake zuba kwal a wuta ya ce shi ma'aikacin banki ne, hutun ƙarshen mako ya zo yi. Na tambayi nawa ake biyansu, suka ce ko kwabo.

Wannan al'ada a Wales ɗin ta samo asali. Akwai wani ɗan layi da ake kira Talyllyn, wanda aka shimfiɗa a 1865 domin sauko da baƙin dutsen nan da ake yankawa falle-falle a yi rufin gida da allon 'yan firamare. Da mai layin, Sir Henry Haydn Jones, ya rasu a 1950, aka ga babu makawa za a rufe. Sai wani marubuci kuma injiniya mai suna Tom Rolt ya tara masu sha'awa suka kafa ƙungiya, suka karɓi layin, suka ci gaba da tafiyar da jirgi daga watan Mayu na 1951. Shi ne layin dogo na farko a duniya da 'yan sa-kai suka ceto. Amma ba duka aka iya cetowa ba. Rahoton da Dokta Beeching ya fitar a 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,000 da hanyar dogo ta kimanin mil 5,000 a Birtaniya, kuma ƙananan rassa na ƙauyukan Wales suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. To, waɗanda ba a ceto da ƙarfe ba, sai aka ceto su da kwali da katako.

Wannan shi ne abin da na gani a wani zauren taro a ranar. An jera tebura, a kan kowanne an gina tasha guda da ƙauyenta da gonakinta da gadarta, ga ɗan jirgi yana tafiya da lantarki. Mafi yawa sun riƙe awon kashi ɗaya cikin 76, watau kowace ƙafa ɗaya ta gaske ta koma milimita 4. Na daɗe a gaban teburin wani dattijo. Tasharsa tana kan tsohon layin da ya haɗa garin Bala da Blaenau Ffestiniog, wanda aka daina ɗaukar fasinja a kansa a 1960, aka rufe gaba ɗaya a 1961, domin za a datse kwari a tara wa birnin Liverpool ruwan sha. A 1965 ruwa ya shanye ƙauyen Capel Celyn da wani sashe na layin. Waɗanda suka san yadda aka tashi garuruwa domin madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Kano sun san irin wannan ciwo.

Dattijon ya ce mahaifinsa a layin ya yi aiki. Ya buɗe mini wani kundi mai kauri: awon kowane bango da ya rage, tsofaffin hotuna, da wasiƙun da ya yi ta rubuta wa tsofaffin ma'aikata yana tambayarsu. Ya ce jirgin shi ne mafi sauƙi, a kanti ake saye. Abin da ya ci masa shekaru shi ne sanin ta wane gefe ƙofar sito take buɗewa.

Daga nan ya tambaye ni labarin namu jirgin. Na gyara tsayuwa na shiga ba shi labarin dalar gyaɗa ta Kano da Alhassan Ɗantata. Ya saurara, sa'an nan ya ce, "Tashar kawun naka, hanya nawa ce a cikinta? Tankin ruwa yana wane gefe?" Jama'a, na buɗe baki babu amsa. Tambayar da Malam ya yi mini ina aji biyu ita ce wani Bature ya maimaita mini bayan kusan shekara arba'in, kuma amsata ba ta sake ba.

Tagwaye Biyu

Da na dawo na shiga bincike, sai na tarar da wani abu da ya tsaya mini a rai. Ɗan layin nan na Welshpool faɗinsa ƙafa biyu da inci shida ne. Mu ma a nan Arewa mun taɓa samun layi mai wannan faɗin daidai, watau ƙaramin layin da ake kira na Bauci, wanda aka fara a 1911 daga Zariya, ya kai Jos da Bukuru a 1914 domin kwaso kuza. Nasu an buɗe shi a 1903, aka rufe a 1956. Namu aka rufe a 1957. Shekara ɗaya ce tsakani.

Nasu, 'yan sa-kai suka sake buɗe shi a 1963. Da ƙasar Saliyo ta rufe layinta a 1974, wanda shi ma faɗinsa ke nan, mutanen nan suka haɗa kuɗi a 1975 suka sayi kan jirgi ɗaya da taragun fasinja huɗu daga Firitawun suka kai Wales. Watau jirgin Afirka ta Yamma ya tafi ci-rani Turai. Namu kuwa aka cire ƙarafan, kuma yau ka tsayar da matashi a Zariya ka ce masa an taɓa tafiya Jos a jirgi ba tare da an bi ta Kafanchan ba, sai ya ɗauka tatsuniya kake yi.

Ba na cewa ba a yi kome ba. Akwai gidan tarihin reluwe na Jaekel a Ebute Metta ta Ikko, kuma shi Francis Jaekel ɗin, tsohon ma'aikacin reluwe, ya bar littafin tarihin reluwen Nijeriya mai juzu'i uku. Amma babban tarihi yana faɗa maka shekarar da aka buɗe layi da tsawonsa ne. Ba zai faɗa maka inda mai ƙosai take zama ba. Wannan yana cikin kawunan tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Yadda Na Gina Tashar

A ranin 2016 na ɗauki tsofaffin ɗalibaina biyu da tef ɗin awo muka tafi tashar kawu. Muka tarar da bango a tsaye, rufi babu, awaki sun mai da ofishin tikiti turke. Ban zo ɗora wa kowa laifi ba, domin dalilan sanannu ne: farin 1972 zuwa 1974, cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa a 1975, kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin ƙasa daga noma, kwalta da manyan motoci, sa'an nan aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Layin da aka shimfiɗa domin gyaɗa, in gyaɗa ta tafi, me zai ɗauka? Muka yi kwana biyu muna awo, na kuma cika buhu da ƙasar wurin.

Ga 'yan lissafin cikinku, ga yadda abin yake. Tsohon dogonmu faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, watau milimita 1,067. Ɗan dogon da aka fi samu a kantunan Turai faɗinsa milimita 16 da rabi. In ka raba na farko da na biyu za ka sami 64 da ɗoriya, saboda haka na riƙe kashi ɗaya cikin 64, wanda shi ne awon da masu wannan sha'awa a New Zealand suke amfani da shi, domin dogonsu irin namu ne. A wannan awo, mutum bai kai santimita uku ba. Da zan gina layin Nguru dukansa, sai na shimfiɗa kilomita uku da rabi. Don haka na sayi falle ɗaya na filawud mai ƙafa 8 da 4, na tsaga biyu na haɗa baki da baki, na sami ƙafa 16, wadda take daidai da ƙafa 1,024 a fili. Tashar ta shiga, da ɗan matsi.

Dogo da injin kaɗai ɗana ya aiko mini, na hannu. Sauran duk na gida ne. Jikin kan jirgin da gwangwani na ƙera shi. Kwanon rufi da gwangwanin lemo na yi, ina danna shi a kan zaren wani babban noti har ya yi tudu da kwari. Itatuwa tsohuwar wayar lantarki ce na murɗa, ganye kuwa ɓarɓashin katifa ne da na rina. Ƙasar da na ɗebo na tankaɗe da rariyar uwargida, abin da ya jawo mini shari'a ta kwana uku. Batirin sola yake jan jirgin. Ƙafafun teburin suna tsaye cikin gwangwanaye masu baƙin mai saboda gara, kuma da hunturu sai na goge dogo kowace safiya, domin ƙura kaɗan ta isa ta hana wuta wucewa. Dattijon nan na Wales bai san waɗannan matsaloli ba.

Wani abin dariya, da na yi lissafin buhun gyaɗa a wannan awo, sai na ga bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ɗaya ba. Na ce shi ke nan, Allah ya kawo sauƙi. Na jera gyaɗar gaske na yi tsibi mai kyau, na kwanta ina murna. Da gari ya waye ɓeraye sun yi lodi, ba su jira tarago ba. Sai da na koma na murza buhuna 600 na yumɓu ɗaya bayan ɗaya, jikokina suna taya ni.

Tambayoyin Da Na Makara Ban Yi Ba

Yanzu na zo inda dariya take ƙarewa. Awo ya ba ni tsawon bango da faɗin ƙofa, amma bai ba ni launin fenti ba, bai ba ni inda sikeli yake ba, bai ba ni inda fasinja suke jira ba. Mutum ɗaya ne ya san duk wannan, shi ne kawu. Bayan ya bar aiki ya dawo gida, kuma duk lokacin da na zo hutu a wannan zauren nawa yake yini. Da zarar ya fara labarin reluwe sai mu ce, "Kawu ya tayar da jirgi," kowa ya sulale. Fiye da shekara ashirin muna haka. Ya rasu a 2009, shekara biyar kafin in san ina bukatarsa. Hausawa suka ce da-na-sani ƙeya ce.

Na yi ta cigiya har Allah ya haɗa ni da wani abokin aikinsa, tsohon shugaban leburorin gyaran dogo, ya haura shekara 85, idanunsa sun tafi. Na ɗauko shi a mota na kawo shi zaure. Tun da ba ya gani, sai na kama hannunsa na ɗora a kan dogo, ya riƙa bi da yatsa a hankali. Da ya kai tankin ruwa ya tsaya, ya ce, "Malam, wa ya kawo tanki nan? Ai ta ɓangaren Nguru yake. In yana nan, jirgin da ya tsaya shan ruwa zai toshe mahadar jakuna." Na ce, "Baba, na ga gindinsa a nan." Ya ce, "Gindin ɗakin fitilu ka gani."

Ya ci gaba har ya taɓa wata bishiya, ya ce wannan fa? Na ce gawo ne. Ya ce, "Wane lokaci ka ce kana nunawa?" Na ce kaka. Ya ce, "To, a wace ƙasa gawo yake tsirara da kaka? Da damina yake zubar da ganye. Kuka ce za ka tuɓe." Ni ɗan manomi, wanda ya girma a gindin gawo, na manta wannan.

Sa'an nan ya ce, "Ina mutane?" Na ce ga shugaban tasha, ga direba, ga kawu. Ya ce, "Waɗannan ma'aikata ne. Ina mutane?" Ya shiga jera mini su: mai fura a gindin tsamiya, yara masu tallar dafaffen ƙwai da rake suna bin tagogi, jerin duwatsun da aka kewaye aka yi masallaci, mai awo da sikelinsa da malamin da yake rubuta buhu, Buzaye da raƙumansu can nesa da hayaƙi. Kowa da sunansa da garinsu. Da yatsansa ya kai gidajen ma'aikata sai ya yi shiru. Can ya ce a gida na biyu wani akawu mutumin Gabas ya zauna da iyalinsa har 1966, shi da kawu suka raka su jirgi da dare, ba su sake jin labarinsu ba. Ya ce akawun ya dasa mangwaro a ƙofar gidan, kuma a 1970 ya riga ya fara 'ya'ya. Ya ce, "In za ka yi gaskiya, ka sa mangwaron." Na sa.

Sau huɗu na ɗauko shi, na naɗi maganarsa ta awa biyar a waya. Bayan shekara biyu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da na ƙara jinkiri kaɗan, da tankin yana nan a inda ba wurinsa ba, kuma babu mai rai da zai gyara mini.

Wannan shi ne amfanin wasan yaran da ake cewa ina yi. Mai ba da labari da baki yana iya cewa "akwai wani tanki" ya wuce. Mai gini tilas ya ajiye tankin a wani wuri, gabas ko yamma, don haka tilas ya tambaya. Aikin hannu ba ya barin mutum ya ɓoye jahilcinsa.

Roƙona Ga Ƙungiya

Kada wani ya ce wannan matsalar reluwe ce kawai. Kafin in zo nan na tambayi mutum biyar daga ajinmu: ƙararrawar makarantar nan, a shekarar da muka shigo, a jikin wace bishiya take rataye? Na sami amsa uku, har biyu daga cikinsu suka so su yi faɗa. Shekara biyar wannan ƙararrawa tana tashinmu da asuba. In mu da muke raye mun kasa, ina ga waɗanda za su zo bayanmu?

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Na farko, na ba makaranta wannan tasha kyauta, in Shugaban Makaranta zai ba da ɗaki, Ƙungiya kuma ta gyara rufinsa da tagoginsa ta sa sola. Ban gama ta ba, kuma da gangan na bar saura. Ina so ɗalibai su ƙarasa, ni kuma zan riƙa zuwa sau ɗaya a mako muddin ƙafa tana ɗauka. A kan wannan teburi ɗaya yaro zai yi lissafi da zane da lantarki da tarihi ba tare da ya san darasi ake yi masa ba. In sun gama, aiki na gaba shi ne su gina makarantar nan yadda take a 1974, mu kuma a kira mu a yi mana tambayoyi. Na miƙa wa Ma'aji lissafin abin da ake bukata.

Na biyu, kowane ɗayanmu yana da waya a aljihu kuma yana da tsoho a gida. Kafin taron baɗi, kowa ya zauna da tsohonsa ko tsohuwarsa ya naɗi awa ɗaya. Ba sai labarin jirgi ba: kasuwa, marina, rijiya, fatauci, makarantar allo. Amma kada a ce, "Baba, ba mu labarin da," domin zai ce da an ji daɗi, shi ke nan. A tambaye shi nawa ne, ta wane gefe, wane launi, wa yake zama a nan, nawa ake sayarwa. Sakatare ya tara, a ajiye a ɗakin karatu.

Na uku ya shafi gaba. A watan Fabrairu na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, aka kuma tsara ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Faɗinsa milimita 1,435 ne, irin na layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Watau bayan fiye da shekara ɗari da isowar dogo Kano, an ja layi ta ƙofar gidanmu. Duk inda dogo ya bi, gona takan zama tasha, hanyar shanu takan sake wuri, ƙauye yakan zama gari ko ya mutu. Ina roƙon malaman tarihi da na labarin ƙasa su fita da ɗalibai, da izinin masu unguwanni, su ɗauki hoto, su auna, su rubuta sunan kowace gona da kowace bishiya da aikin ya shafa, tun masu gonakin suna raye. Abin da yau kowa ya sani har ba a ga amfanin rubuta shi ba, shi ne wani jikanmu zai nema ido rufe nan da shekara sittin.

Shugaban taro, na ga Sakatare yana duban agogo. Duk wanda hanya ta biyo da shi Kanya Babba, ya tambayi gidan Ɗan Reluwe, kowane yaro zai kawo shi. Jirgi yana tashi bayan la'asar, tikiti kyauta ne, amma wanda ya taɓa shiga jirgin Nguru sai ya biya da labari.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka rage, Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya bar zumunci, ya mai da kowa gidansa lafiya.